Taku Goma Sha Biyu

Gidan Yaya babu shi yanzu. Babu rijiyar, babu bishiyoyin lemo huɗu da ke bayan ɗaki. Shi kansa Yayan ranar Talata aka kai shi makwancinsa.

Shekara uku ke nan da ma'aikata suka zo auna inda gwamnati za ta ja sabon titi. Haka suke aikinsu: masu awo su kafa turaku masu jan fenti su wuce, bayan mako biyu wasu daban su zo, su bi turakun suna shafa alama a duk ginin da layin ya ci. Da na biyun suka zo, bangon Yaya suka shafa wa. Shagon ƙaninsa, Kafinta, da ke gabas da gidan, ya tsira.

Yaya ya ƙi karɓar diyya. Ya ce da idonsa ya ga inda aka kafa turken, kuma ba nan ba ne. Ya shigar da ƙara.

Kafinta ne ke goya shi a babur zuwa kotu, shi ke riƙe jakar takardu. Su wuni a kan wani benci mai gurguwar ƙafa, a ɗaga shari'a, su dawo. Sau goma sha tara.

"Kai da katako ne aikinka, gyara musu bencin nan mana," in ji Yaya wata rana. "Da alama a kansa za mu ƙarasa tsufa."

Kafinta bai yi dariya ba.

Lauya ya nemi taswirar farko, aka ce ta ɓace a ofis. Ya ce to a samo ko mutum ɗaya da zai shaida inda turken yake tun asali. Ba a samu ba. Ranar awon, masu turaku na juya baya ruwa ya tsuge, kowa ya shige ɗaki har la'asar.

"Auta, kai ma ba ka gani ba?" Yaya ya tambayi ƙaninsa.

"Ina cikin shago, Yaya."

"Haka ne fa. Na tuna fenti kake, duk tafin hannunka ja."

Alƙali ya ce babu hujja. Katafila ta gama da gidan kafin azahar. Kafinta ya share ɗakin da ke bayan shagonsa, ya sa wa Yaya gado, ya yi masa kujera mai wurin jingina. A kanta Yaya yake wuni, yana kallon kwalta ta bi ta inda rijiyarsa take. Abinci sai an matsa masa. Magana ta ragu, jiki ya bi.

Kwana biyu kafin ya cika, ya kamo hannun ƙaninsa.

"Duk gari sun ce na ruɗe, Auta. Kai kaɗai ba ka taɓa ƙaryata ni ba."

Kafinta bai yi kuka a wurin jana'iza ba, har mutane na yaba dauriyarsa. Washegari ya buɗe shago, ya ɗauko katako ya yi ta goga har ya zama ba ya moruwa.

Ku taya shi roƙo: Allah ya jiƙan Yaya, ya ba shi gidan da ba a rushewa. Allah ya kuma yafe wa hannun da ya tuge turken nan daga ƙofar shago cikin ruwan sama, ya matsar da shi taku goma sha biyu, domin shi ne hannun da ya rubuta muku wannan.