Taraktar Kyauta

Ana tsakiyar ciniki kwamfutar dillalin riɗi ta kulle. Jan rubutu ya fito: ko ya biya fansa, ko ya rasa duk abin da ke ciki.

"Me ka buɗe, ya Hajj?" in ji mai gyaran da aka kira masa.

"Saƙo ne, wai ana raba wa mutanen garinmu Hawata tarakta kyauta."

"Ta nan ɓarayin suka shigo. Ka tura wa wani?"

"Ni marowaci ne? Duk kasuwa na tura wa."

Bai rufe baki ba sai ga surukinsa, wani tsoho, rungume da tasa kwamfutar, 'yan kasuwa na biye. Dillali ya fara laluben ƙofar baya.

Tsohon ya washe baki. "Ɗana, tawa ma ta kulle. Kenan mu muka ci taraktar?"