Abin da Aka Koya wa Auta

Da hantsin kwana na shida, injin da ke gefen gadon maigidana ya sauya kuka. Na cafki rigar autarmu, wadda ke aikin jinya a wannan ɗaki na masu ciwo mai tsanani.

"Yi wani abu mana! Shekara nawa kika yi a jami'a kina koyon wannan?"

"Mama, sake ni in duba," ta ce.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Abin da na sani, ubanta ne ke raka ta tasha duk farkon zango yana tsokanarta: "Ki dage, ni ne majinyacinki na farko, kuma ba na son allura." Tun ranar da ya faɗi a wurin aiki na sa a raina hannunta ne zai tashe shi.

Ta duba lambobin, ta kira likita, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Ya girgiza kai ya fita. Na jira ta ruga ta ɗauko wani magani, ko ta danna ƙirjinsa yadda na ga an yi wa na gadon kusa.

Ba ta ruga ba. Kujera ta jawo mini. Sannan ta zare safar hannunta ɗaya bayan ɗaya, ta kama tafin ubanta, fata da fata.

"Wannan ma an koya mana," ta ce. "Zo, Mama, riƙe ɗayan. Har yanzu yana jin mu."