Rubutu a Bayan Ƙwai

Kwana talatin kazar tana kwanci, ko tsako ɗaya babu. Uwar na zaune a bakin gado, 'yarta ta turo ƙofa riƙe da ƙwan, tana haska su da tocila.

"Mama, duk baragurbi ne. Kin manta zakaran aka yanka wa Baba da ciwo ya kwantar da shi?"

"Ban manta ba."

Kafin ya rasu, kowace safiya uwar takan kai masa ƙwan ranar har gado, ya rubuta kwanan wata da fensir, yadda ya saba. A na ƙarshen, rubutun ya karkace.

"In zubar?"

Uwar ta shafa rubutun da yatsa.

"Mayar wa kazar. Da sun ƙyanƙyashe, da rubutunsa ya farfashe."