Sunan da Ke Shafi na Tara

Kujera hamsin ce a jirgin saman, fasinja hamsin kuma sun zo cif, har da wata tsohuwa mai kyanwa a jaka. Doreen, mai duba tikiti a ƙofar shiga, ta ɗago daga kwamfutarta ta dubi Merle Tollefson. Ta ce masa babu ko ɗaya, sai dai ya gwada gaba.

Gaba, wato 'yar kujerar nan ta naɗewa da ke ɗakin tuƙi, bayan matuƙa biyu. Tsohuwar al'ada ce ta matuƙa jirgi irin Merle: kowane kamfani kake wa aiki, ka cire hula, ka miƙa katinka, ka roƙi kyaftin, shi kuma ya ce shigo. Mutum iri ɗaya kawai ake hanawa.

Merle yana da shekara sittin da ɗaya. Gidansa na nan Bismarck, aikinsa na Denver, kuma ƙarfe biyu na rana ake jiransa. Ya daɗe yana kyaftin a wani ƙaramin kamfani da ke kwaso wa babban kamfani fasinja daga ƙananan garuruwa. Bara aka ƙwace kwangilar aka bai wa wanda ya fi araha, wato masu wannan jirgi da ke tsaye a waje. A sana'arsu shekarun aiki ba sa bin mutum idan ya sauya kamfani, don haka Merle ya koma ƙasan layi a wani wuri, mataimaki ɗan gwaji, cikin yaran da ke kiransa Kaka. Sau biyu ya makara a hunturun nan. Shugabansa ya riga ya gaya masa na uku ba sai an yi magana ba.

Ya tambayi Doreen wane ne kyaftin. Ta faɗa masa ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana kallon takalminsa kafin ya ja jakarsa ya shiga.

Mataimakiyar kyaftin, wata yarinya mai fara'a da ake kira Ortega, ita ta tarbe shi. Ta ce dattijo ya yi haƙuri da kujerar, kafinta ya yi ta ne don masu laifi. Tana cikin dariya ta karɓi katin. Ta dubi katin, ta dubi kyaftin, ta sake duban katin, dariyar ta tsaya.

Kyaftin bai juyo ba, bai kuma nemi ganin katin ba. Hannu kawai ya sa a jakarsa ya zaro wani ɗan littafi da ya sha jiki, ya ajiye tsakaninsu.

Merle ya san littafin. Sunaye ne na waɗanda suka koma aiki lokacin babban yajin aikin matuƙa, shekara ashirin da tara da suka wuce. Nasa yana shafi na tara. Ya koma ne a mako na bakwai, kwana biyu bayan kamfani ya yanke wa masu yajin inshorar asibiti. Abokansa suka daina gaishe shi, manyan kamfanoni suka rufe masa ƙofa. Bai taɓa kare kansa a gaban kowa ba, kuma ya sa matarsa Arlene ta rantse ita ma ba za ta yi ba.

Ortega ta sunkuya wajen kyaftin ta ce masa ikonsa ne fa, kuma babu wanda zai ji daga bakinta.

Kunnuwan kyaftin suka yi ja. Ya taɓa alamar ƙungiyar matuƙa da ke maƙale a rigarsa.

"Mutum uku na hana daga cikin littafin nan," ya ce, idonsa na kan gilashin gaba. "In na ɗauki wannan, me zan ce wa waɗancan?" "Babu wuri, Mista Tollefson."

Magana ɗaya ta isa ta buɗe kujerar nan, kuma tana bakin Merle. Har ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka kan wani ɗan tabo a wuyan kyaftin, saman kwalar rigarsa. Ya mayar da maganar ciki.

"Akwai santsi a ƙarshen titin tashi," ya ce. "Ka bi a hankali, Kyaftin."

Ya mayar da hularsa ya fito. Doreen ta yi kamar tana neman wani abu a aljihun teburinta.

Ya tsaya a bakin taga har jirgin ya juya, ya ɗauki gudu, ya ɗaga hanci daidai inda ya kamata. Tashi ne mai tsabta, kuma duk da abin da ke cin zuciyarsa sai da Merle ya ji daɗi. Daga nan ya kira wurin aikinsa a Denver. Maganar ba ta kai minti biyu ba. Aka ce ya aiko da katinsa ta gidan waya.

Sannan ya kira Arlene. Ta saurara har ya gama, yana jin numfashinta.

"Ka gaya masa?"

"A'a."

"Merle, har yaushe?"

"Gara ya ci gaba da jin kunyata," ya ce, "da ya san a kansa ne."

Ta yi kuka kaɗan, sannan ta tambaya ko ɗansu kyaftin ya rame, don rabonta da ganinsa shekara huɗu ke nan. Merle ya ce a'a, ɗan nasu lafiyarsa ƙalau. Tabon ma ya kusa ɓacewa, na aikin da likitoci suka yi masa a wuya yana ɗan shekara shida, a mako na bakwai na yajin aikin.