Mutumin da Ya Iya Hutu

A tsaye Dakta yake cin abincin rana, cokali a dama, jan biro a hagu, lokacin da jiri ya kwashe shi ya zube a kan takardun jarrabawar ɗalibai. Darasin da yake dubawa kuwa sunansa Muhimmancin Hutu ga Lafiyar Ɗan Adam.

Duk jami'ar babu wanda ya kai shi sanin hutu. Tun yana da baƙin gashi yake koyarwa a Sashen Nazarin Hutu da Nishaɗi, har furfura ta cinye kan. Idan aka ba shi hutun shekara, taro yake tafiya ya gabatar da maƙala a kan hutun shekara. Sau ɗaya ya taɓa kai yaransa wurin wasa, ya bar su a bakin lilo ya tafi ƙirga kujeru.

A asibiti likita ya kalli awon jininsa, ya cire tabarau.

"Dakta, ko ka huta, ko a hutar da kai."

"Ni za ka koya wa hutu? Babi guda na rubuta a kan barcin rana kaɗai."

Aka ce to a haɗa shi da wanda zai riƙa duba shi a gida. Ya ce shi ba jariri ba ne. Matarsa ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kira yayyensa. Washegari da sassafe yana ofis.

Abin da ke cinsa ba jini ba ne, kujerar farfesa ce. Kwamiti ya sha mayar masa da takardunsa, wai duk iliminsa na cikin littafi ne, bai taɓa nazarin mai hutu na gaske ba. Ga shi wani tsohon ɗalibinsa, wanda bincikensa bai wuce kwanciya a bakin wurin ninƙaya na otal-otal ba, tuni ya zama farfesa, har yana dafa masa kafaɗa yana cewa, "Malam, a riƙa sassautawa."

Babbar 'yarsa ce ta kawo maganar suna cin abinci.

"Baba, akwai wani mutum a lambun shaƙatawa na bayan layinmu. Kullum da yamma yana kan benci, ba ya komai. Kallonsa ma kawai sai ka ji hamma."

Dakta ya ajiye cokali.

Ya same shi a ƙarƙashin bishiya, kusa da ɗan tafki: dattijo mai sanyin fuska, da 'yar jaka a gefe, ya miƙe ƙafafu kamar duniya ta gama biyansa. Da suka gaisa, mutumin ya riƙe masa hannu har wuyan hannun, ya daɗe bai saki ba, idonsa a kan agogo. Dakta ya ji daɗi ya rufe shi. Ga babin farko na littafin da zai rubuta a kansa: mai hutu na gaske ba ya gaggawar gaisuwa, agogo kuwa kallon raini yake masa.

"Mene ne sana'arka?"

"Ga ta kana gani. Zama da mutane."

Sai dai mutumin yana da sharuɗɗa. Ba ya magana da wanda yake tsaye. Ba ya magana waya tana kunne. Ba ya amsa tambaya sai an zaga tafkin a hankali, an dawo an buga ludo, an sha shayi marar sukari. Dakta, wanda shugaban jami'a ma bai isa ya zaunar da shi ba, ya bi duka, saboda ilimi.

Sau tari ma mutumin ne mai tambayar. "Ya barcin jiya? Kan ya daina sarawa? Gishirin fa, an rage?" Wannan ya zama babi na huɗu: wanda ya huta shi ke da sararin damuwa da ɗan'uwansa.

Damina ta wuce, wata ta zo. Ko ana ruwa mutumin yana nan da lema, ranar aiki da ranar hutu duk ɗaya. Dakta ya yi kumatu. Ya koyi yin magudi a ludo. Wata rana barci ya sace shi a kan bencin, ya farka ya kira abin "shiga cikin abin da ake nazari". A gida matarsa ta daina faɗa, ta koma tuna masa idan lokacin lambu ya yi. Ya gode wa Allah da a ƙarshe ta gane darajar bincike.

Littafin ya fito, kwamiti ya sallama, kujera ta samu.

Ranar laccar kama kujera zaure ya cika. Sabon Farfesa ya zaunar da mutuminsa a sahun gaba. Ba a yi nisa ba mutumin ya langaɓar da kai, ya shiga minshari.

"Ku dube shi!" in ji Farfesa. "A gaban manyan ƙasa, a tsakiyar laccata! Wannan baiwa ce. Mu dai sai dai mu rubuta."

Zaure ya ɗauki tafi. Tsohon ɗalibin nan har da miƙewa.

Da aka tashi, Farfesa ya shiga neman mutumin nasa don a ɗauki hoto. Ya duba zaure, ya duba baranda, ya zaga wajen ajiye motoci da babbar rigarsa ta farfesa tana jan ƙasa. A bayan motarsu ya hango shi tsaye da matarsa da babbar 'yarsa, jakar nan a buɗe, abin awon jini ya leƙo daga ciki. Mutumin yana murza ido, yana magana a marairaice.

"Hajiya, jininsa ya sauka, kujerar ma ya samu. Don Allah ki sa baki asibiti su turo wani nas ɗin ya karɓe ni. Tun ranar da kuka ɗauke ni jinyar maigidan nan ban samu hutun kwana ɗaya ba."