Turamen Mai Kilishi

Tun da ka shigo nake kallonka, hannu dafe da kunci, kana ta nanata mini cewa gobe sai an cire haƙorin nan ko likita ya so ko ya ƙi. To zauna, ƙanena, ka ji labarin wani mai kilishi da na sani, wanda har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Mutumin nan gwani ne, ba na cin alhakinsa. Shekara ashirin da ɗoriya yana zama a kan ɗan kututture tun hantsi har la'asar, kai a duƙe, kafaɗa ɗaya a ɗage, yana buɗe tsoka da wuƙa har ta koma falle kamar takarda. Yana kuma da wata ɗabi'a da shi kansa bai san da ita ba: duk sanda wuƙa ta iso inda nama zai iya hujewa, sai ya datse haƙora tamau. Ana nan ana nan ciwon kai ya yi masa sallama. Daga ƙeya yake tasowa, ya zagayo ta bayan kunne, ya sauka a muƙamuƙi, in ya yi hamma ka ji ƙas. Ya sha ƙwaya har ya gaji. Ya je wurin likitan haƙori, aka duba, aka ɗauki hoto, aka ce masa haƙoransa garau suke, sannan aka tura shi sashen gashin ƙashi. Tun daga bakin ƙofa ya fara mita, wai shi da ya tsufa yana gasa nama, yau shi za a gasa. Likitan wurin ya tambaye shi sana'arsa, ya sa shi ya nuna yadda yake zama, sannan ya bi wuyansa da yatsa a hankali har ya tarar da wani ƙulli, ya danna. Sai mai kilishi ya zabura, don zafin ya harba har cikin turamensa, haƙoran taunan nan na can ciki. Likita ya ce, "Ai ka fi ni sanin abin nan, Malam. Farin tantanin da kake ɓarewa a jikin tsoka kullum, kai ma kana da irinsa, tun daga kafaɗa har kunci. Naka ne ya ɗaure yake jan muƙamuƙi." Ya ce ya riƙa zuwa sau biyu a mako ana sassauta wurin da hannu, ya riƙa ɗumama shi da tsumma mai ɗumi, ya ɗaga katakon yankansa sama, ya kuma daina datse baki.

Ka san abin da bawan Allahn nan ya ce? Wai shi ya kawo ciwon baki an tsaya ana matsa masa wuya, babu allura babu ƙwaya, tausa kuwa ai ko a gida ya samu. Ya suri hularsa ya fice. Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi! Mutumin da ko idonsa a rufe ya san in ka ja tantani ta wannan gefe, ɗaya gefen sai ya tattare, shi ne ya kasa yarda cewa jikinsa ma nama ne. Ran kasuwa ya nufi wani mai cire haƙori da ke shimfiɗa tabarma kusa da 'yan kaji. Wannan kuwa bai tsaya dogon bincike ba, ya leƙa baki ya ce tsutsa ce, ya sa filaya ya tuge turmi guda, lafiyayye fes. Kwana uku zafin rauni ya danne ciwon kan, gogan naka yana yawo yana cika baki cewa an yi maganin abin da asibiti ya gagara. Rana ta huɗu ciwo ya dawo mazauninsa. Maimakon ya yi tunani, sai ya ce ai na kusa da shi ne mai laifin. Aka tuge na biyu. Bayan wata ɗaya aka tuge na uku. Matarsa ta yi magana har bakinta ya bushe, ni ma na yi, amma ina! Sai da kumatu ya lotsa, ciwo kuma na nan daram, sannan ya sunkuyar da kai ya koma sashen da ya raina.

Likitan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kafin mako shida wuya ya saki, muƙamuƙi ya daina ƙara, kai ya yi sakayau. Sai dai fa mai kilishi da haƙori yake sanin aikinsa. Da taunawa yake gane ko nama ya bushe yadda ya kamata, ko tunkuza da yaji sun ratsa shi. Yanzu sai ya miƙa wa maƙwabta su ɗanɗana masa, wannan ya ce ya yi, wancan ya ce da saura, masu saye kuma suka fara cewa hannunsa ya canja. Ranar da na je gaishe shi, na tarar ya jiƙa kilishinsa a kofin ruwa yana tsotsa, ga faranti cike a gabansa. Na ce, "Yaya kan?" Ya ce, "Kai lafiya lau," ya kawar da fuska. Wallahi tausayi da takaici suka sa na yi masa sallama na fito.

Abin da Hausawa ke faɗa ke nan, an bar jaki ana dukan taiki.