Kalma Ɗaya Ta Tona Sabiru

"Rubuta sunana ki gani," in ji Sabiru, ya miƙa wa Khairunnisa wayarsa.

Zuwansa zance na farko ke nan a gidan su Khairunnisa da ke Daura. Tun da ya zauna yake cika baki cewa duk kasuwar dabbobi ta Mashi babu dillali kamarsa, har a intanet an san shi.

Ta rubuta Sabiru a wurin bincike. Sabiru suka fito rututu, malamai da 'yan ƙwallo, har da wani mai gyaran firji.

"Sun yi yawa, ƙara Mashi," ya ce.

Ta ƙara. Suka ragu, amma babu shi. Ya ce ta ƙara dillali, nan ma shiru. Zufa ta fara karyo masa, domin abokinsa Ikrima ya rantse masa cewa ya ɗora masa hotonsa sanye da babbar riga a intanet.

"Bari in gwada tawa," ta ce tana murmushi. Ta goge dillali, ta rubuta rago.

Sakamako ɗaya tak ya rage, bidiyo ne. Ga Sabiru yana sheƙa gudu a tsakiyar kasuwa, ƙaton rago na tunkuyinsa ta baya, yana ihun "Wayyo Inna!"

Kunya ta rufe shi. Da ƙyar ya ce, "Ya aka yi kika san da zancen ragon nan?"

"Ai na Babanmu ne, kuma ni ce na ɗauki bidiyon. Ragon yana nan tsakar gida, ko ɗaure shi ba a yi ba. Baba ya ce ka shigo ku gaisa."